Tatu mai zagaye wuyan hannu: Abin da ma'aikaci a Doha ya kamata ya sani kafin allura ta taɓa shi

Juma'a ce ranar hutun yawancin ma'aikatan da ke zaune a Unguwar Masana'antu ta birnin Doha, wadda mazaunanta ke kira Sanaiya. Bayan an sauko daga masallaci, titunanta masu lambobi da harabar Asian Town kan cika da maza 'yan Nepal da Indiya da Bangladesh da Filifin da Kenya da Uganda, da kuma 'yan Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawan da ke aikin gadi da tuƙi da leburanci.

A ranar ce ake tuɓe kakin aiki da safar hannu a sa riga mai gajeren hannu, ido ya ga abin da ke fatar mutane: suna, ko gicciye, ko fure, ko wani baƙin layi da ya zagaye wuyan hannu kamar munduwa.

Wannan na ƙarshen yana da farin jini a wurin matasa a ƙasashe da dama. Ƙarami ne, ba ya cin kuɗi kamar zanen da ke rufe damtse ko gadon baya, kuma a ido ya yi kama da aikin da za a gama cikin sa'a guda. Gasar Cin Kofin Duniya ta 2022 kuma ta kawo 'yan wasa irin su Lionel Messi da Neymar, da hannayensu cike da zane, har cikin filayen da ma'aikatan ƙasashen waje suka gina.

Sai dai masu sana'ar da kansu na sanya zanen da ke zagaye wuyan hannu cikin ayyuka masu wuyar fitowa daidai. Ga wanda ke cin abinci da guminsa a Qatar kuwa, matsalar ta wuce ta kyan zane. Wurin ba ya ɓoyuwa, ba ya samun hutu, ƙasar ba ta da shagon tatu mai lasisi, kuma samun izinin zama a cikinta ya rataya ne a kan gwajin jini.

Daga jarfa zuwa na'ura

Zanen da ba ya goguwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wanzamai sun daɗe suna yin tsagar gado da tsagar magani da tsagar ado, kuma a cikin ta ado ne ake samun jarfa, inda ake tsattsaga fata sama-sama da aska a shafa baƙin tukunya ko makamancinsa, idan wurin ya warke sai zanen ya zauna. Mata ne suka fi yin ta. Fulanin Wodaabe na Nijar ma an san su da irin wannan zane a fuska. Larabawa na kiransa washmu, ita kuwa kalmar tatu daga tsibirin Tahiti ta fito, ta shiga Turanci bayan tafiyar Kyaftin James Cook ta 1769.

Shi kansa wuyan hannu tsohon wurin zane ne. Gawar mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, a 1991, wanda ake kira Ötzi, ta kai kimanin shekara 5,300, kuma an ƙirga zane 61 a jikinta. Daga ciki akwai layuka biyu a wuyan hannun hagu, an yi su da baƙin hayaƙi, kusan irin kayan aikin wanzaminmu. Har yau Kiristoci Kibɗawa na Masar na sanya ƙaramin gicciye a cikin wuyan hannun dama domin a san su.

Abin da ya sauya shi ne kayan aiki. A 1891 wani mai zane a birnin New York, Samuel O'Reilly, ya yi rajistar na'urar tatu mai aiki da lantarki, wadda ya samo dabararta daga alƙalamin lantarki na Thomas Edison. Na'urar yau na soka allura sau ɗaruruwa zuwa dubbai a minti ɗaya, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu, ta wuce fatar sama da ke saɓulewa kullum ta ajiye tawada a fatar ciki.

Jiki na ɗaukar tawadar a matsayin baƙuwa, sai ƙwayoyin garkuwa su haɗiye ta, amma ba sa iya narkar da ita. Wani bincike da masana a birnin Marseille na Faransa suka wallafa a 2018 ya nuna cewa idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu suka saki tawadar, wasu sababbi ne ke sake haɗiye ta a wurin. Shi ya sa zanen ke zama har tsufa, yana dai ɗan bajewa a hankali.

Me ya sa wuyan hannu ke ba da wahala?

Wuyan hannu ba zagayayye ba ne kamar gwangwani. Yana da faɗi ta sama da ƙasa, ya tsuke ta gefe, yana ƙara kauri idan aka nufi gwiwar hannu, sannan ga ƙashin nan da ya turo ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Ƙari a kan haka, ƙasusuwa biyu ne a sangalin hannu, kuma duk lokacin da mutum ya kifa tafinsa ɗaya na haye ɗaya, fatar ta murɗe tare da su.

Mai karatu na iya gwadawa yanzu. A ɗauki biro a zana layi ya zagaye hannu daidai inda agogo ke zama, sannan a juya tafi sama, a kifa shi ƙasa. Layin da ya miƙe ɗazu zai karkace. Wannan karkacewar ba ta da magani, abin da gwani ke yi kawai shi ne ya zaɓi yanayin da zanen zai fi miƙewa, wato lokacin da mutum ke tsaye ya saki hannunsa a gefe.

Don haka ba a ɗauko hoto daga intanet a manna shi yadda yake. Idan aka yanko miƙaƙƙiyar takarda aka naɗe hannu da ita, bakin nan biyu ba za su haɗu daidai ba, ɗaya zai hau sama ɗaya ya sauka. Masu ɗinkin hula sun san wannan matsala, domin a inda zane ya zagayo ya haɗu ne ake gane gwani. Mai tatu da ya ƙware zai auna hannu a wuri biyu, iyakar zanen ta sama da ta ƙasa, ya lanƙwasa zanen a takarda, ya manna samfurinsa a fata, ya sa mutum ya tashi ya duba a madubi. Idan bai zauna ba a goge a sake, ko sau nawa ne, tunda a wannan matakin ne kaɗai gyara ba ya cin komai.

Zane mai maimaita kansa, kamar sarƙa ko jerin furanni, yana buƙatar lissafi. A ce zagayen hannu santimita 17 ne, kowane fure kuma santimita 2. Takwas za su shiga, santimita ɗaya ta yi saura. Ko dai a ƙara wa kowane fure girma kaɗan, ko a bar giɓin da gangan a cikin hannu inda ido bai cika kaiwa ba. Masu zane da yawa sun fi son barin giɓin, kuma suna da gaskiya: zanen da aka bari a buɗe ya fi wanda aka tilasta wa haɗuwa kyan gani. Miƙaƙƙen layi ɗaya tak, wanda mutane ke ɗauka shi ne mafi sauƙi, shi ya fi tona asiri, domin babu ganye ko inuwar da za ta rufe rawar hannu.

Sai batun fata. Ta cikin wuyan hannu siririya ce, jijiyoyi na kusa, babu tsoka mai kauri a ƙarƙashi. Idan allura ta zarce zurfin da ya kamata, tawada kan malala ta yi wani shuɗi-shuɗi a gefen layi kamar tawadar allo da ruwa ya taɓa, kuma ba ta komawa. A kan layukan da fata ke lanƙwashewa kusa da tafi kuwa tawada ba ta zama, takan zube ko ta dushe, shi ya sa ake ja da zanen sama da faɗin yatsa ɗaya ko biyu. Zafin allura ya fi tsanani a cikin hannu da kan ƙashi.

Baƙar fata na da nata hukuncin. Tawada na zama ne a ƙarƙashin sinadarin da ke ba fata launi, don haka ta cikinsa ake hango ta. Baƙi na fitowa, ruwan ɗorawa da fari da sauran launuka masu haske kan dushe. Layuka sirara da aka cunkushe wuri ɗaya, ko ƙananan haruffa, kan haɗe bayan shekaru su zama dunƙule. Jar tawada kuma ita ce ta fi jawo ƙaiƙayi da ƙuraje ga waɗanda jikinsu bai karɓe ta ba.

Babban abin dubawa shi ne tabo mai tasowa, wanda likitoci ke kira keloid, wato naman da ke ci gaba da girma ya wuce iyakar ciwon da ya haife shi. Ya fi yawa a tsakanin masu baƙar fata. Duk wanda hujin kunne ko tsaga ko ƙurjin aski ya taɓa bar masa irin wannan tabo, ko ya san ana yi a gidansu, to ya nisanci allurar tatu. Masu ciwon sukari da masu sikila da masu shan maganin tsinka jini da masu juna biyu kuma sai sun fara ganin likita.

Rubutu na da ƙarin haɗari. Wasu manhajojin kwamfuta kan rarraba haruffan Larabci ko su juya su baya, mai zanen da bai iya karatun ba kuma ya kwafa yadda ya gani. Sunan Allah ko ayar Alƙur'ani a fatar da ake shiga bayi da ita kuwa abu ne da zai jawo fushin jama'a, a ƙasar da dokarta ke hukunta ɓatanci ga addini.

A ina ake yi a Doha?

Ba laifi ba ne mutum ya shigo Qatar da tatu a jikinsa, kuma dubban baƙi na yawo da shi. Amma ba a bayar da lasisin buɗe shagon tatu, saboda haka masu yi a ɓoye suke yi, a gidaje da ɗakuna, ana samunsu ta bakin aboki ko ta Instagram da WhatsApp. Babu jami'in lafiya da ke duba su, babu kuma inda mutum zai kai ƙara idan aiki ya ɓaci.

Ga mazaunin Sanaiya, wannan na nufin ɗakin kwanan da mutane da yawa ke rabawa, da gado mai hawa biyu a matsayin kujerar aiki. Waɗanda suka ga yadda aka killace tituna na 1 zuwa na 32 na unguwar a watan Maris na 2020 saboda korona sun san yadda cuta ke yawo a irin wannan cunkoso. Na'urar tatu da tawada kuma yanzu ana sayensu da araha ta intanet, don haka mallakar na'ura ba shaidar ƙwarewa ba ce.

Cututtukan da ake tsoro su ne masu bin jini: ciwon hanta nau'in B da nau'in C, da kuma HIV. Ƙwayar nau'in B na iya rayuwa a busasshen jini a kan kayan aiki na aƙalla kwana bakwai. Sauya allura kaɗai bai isa ba, domin jini na komawa cikin bututun da ke riƙe allurar da kuma ƙoƙon tawada. Goge kaya da sinadarin barasa ko ƙona bakin allura da ashana ba ya tsarkake su. A shagunan da ke da lasisi a wasu ƙasashe ana buɗe sabuwar allura daga ledarta a gaban mutum, a zuba tawada a ƙaramin ƙoƙon da za a jefar, a sa sabuwar safar hannu, duk ƙarfen da za a sake amfani da shi kuma a dafa shi a na'urar tururi mai zafin maki 121 ko fiye. Ko a Birtaniya, inda ake sa ido a kan shagunan, wanda ya yi tatu sai ya jira wata huɗu kafin a karɓi gudummawar jininsa.

Ita ma tawadar abin tambaya ce. Tun watan Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 a tawadar tatu. Kwalbar da ba ta da sunan kamfani ko ranar lalacewa babu wanda ya san abin da ke cikinta.

A nan ne lissafin ɗan ci-rani ya bambanta da na ɗan wasan ƙwallo. Duk baƙon da ke neman izinin zama a Qatar sai ya bi ta Hukumar Gwajin Lafiya, inda ake gwajin HIV da tarin fuka, da ciwon hanta ga wasu rukunin ma'aikata. Masu aikin abinci da aski da makamantansu na sabunta takardar lafiyarsu lokaci-lokaci, wanda kuma ya so komawa aiki wata ƙasar yankin Tekun Fasha zai sake fuskantar gwaji. Cutar da aka ɗauka a zama ɗaya na iya rufe wa mutum ƙofar da ya ci bashi ko ya sayar da gona kafin ya buɗe. Nau'in B na da allurar rigakafi, nau'in C ba shi da ita, ko da yake ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako takwas zuwa sha biyu.

Warkewa cikin zafi da ƙura

Sabon tatu ciwo ne a buɗe. Fatar sama kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ta rufe, ta ciki kuma wasu watanni. A kwanakin farko wurin kan yi ja, ya kumbura, ya riƙa tsattsafo da ruwa da tawada, daga baya ya yi ɓamɓaroki da ƙaiƙayi. Abin da ake buƙata shi ne a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙamshi, a busar da tsumma mai tsabta, a shafa mai kaɗan, kada a sosa, kada a ɓamɓare, kada a jiƙa shi cikin ruwa na tsawon lokaci, a kuma kare shi daga rana.

Duk wannan mai sauƙi ne ga mai aikin ofis da ya zana a kafaɗa. Wuyan hannu kuwa nan ne bakin safar aiki ke gogawa, nan ne hannun rigar kaki ke ɗaurewa, nan ne gumi ke taruwa. Siminti na cin lafiyayyar fata ma, balle mai ciwo, haka baƙin mai a gareji da sinadaran wanke-wanke. A lokacin bazara zafin Doha na wuce maki 40, har ta kai gwamnati na hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ma'aikaci mai hutun kwana ɗaya a mako zai koma bakin aiki ne da ɗanyen ciwo washegari.

Agogo ma sai an ajiye shi har wurin ya warke. Bayan warkewa kuma agogunan zamani masu auna bugun zuciya da haske na iya rikicewa a kan baƙar tawada, abin da kamfanin Apple ya tabbatar game da agogonsa tun 2015.

Zafi da kumburi ya kamata su fara raguwa bayan kwana biyu ko uku. Idan suna ƙaruwa, ko jan na bazuwa, ko mugunya ta fito, ko jan layi ya kama hanyar gwiwar hannu, ko kaluluwa ta taso a hammata, ko zazzaɓi ya zo, to asibiti ya kama a ranar. A cikin unguwar akwai Babban Asibitin Hazm Mebaireek, wanda aka buɗe a 2018 domin maza ma'aikata, akwai kuma cibiyoyin lafiyar ma'aikata da ƙungiyar Red Crescent ta Qatar ke gudanarwa. A gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, domin da ita zai zaɓi magani. Wuyan hannu cike yake da jijiyoyin da ke motsa yatsu, kuma ciwon da ya nutsa a nan na iya taɓa hannun gaba ɗaya.

Addini da neman aiki

Ga Musulmi mabiya Sunna, hukuncin sananne ne. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun zo da tsinuwa a kan mai yin washmu da wadda ta nemi a yi mata, kuma jumhurun malamai sun tafi a kan haramci ga mace da namiji. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Sakkwato, ta ambaci hanin. Wasu manyan malaman Shi'a, kamar Ayatullah Sistani, sun halatta shi. A ɓangaren Kirista kuma akwai masu kafa hujja da Littafin Firistoci 19:28 su guje shi, akwai masu ganin hanin bai hau kansu ba.

Tambayar da ta fi damun waɗanda suka riga suka yi ita ce ta alwala da salla, tunda wuyan hannu na cikin gaɓoɓin da ake wankewa. Tawadar na ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa taɓa sama. Malaman Shafi'iyya irin su Imam Nawawi sun ce a cire shi idan cirewar ba za ta cutar ba. A Malikiyya kuwa, Nafrawi, mai sharhin Risala, ya ce ba a ɗora wa mutum ya ƙona fatarsa don ya cire shi, kuma sallarsa ta yi. Abin da ake nema daga gare shi shi ne tuba.

Ta fuskar aiki, dogon hannun riga na rufe damtse da sangali, amma wuyan hannu na leƙowa duk lokacin da aka miƙa hannu don gaisawa ko karɓar takarda. Kamfanin jiragen sama na Qatar Airways ba ya ɗaukar ma'aikatan cikin jirgi masu tatun da ke bayyana cikin kaki, otal-otal da kamfanonin tsaro da yawa ma na da irin wannan sharaɗi. Matashin da ke leburanci yau yana fatan komawa gadi a otal ko filin jirgi gobe ya sa wannan a lissafi. A gida Najeriya ma sanarwar ɗaukar sojoji kan hana masu tatu, sannan Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta yi wa yaro tatu ko tsaga.

Idan aka yi nadama

Abin mamaki a Doha shi ne gogewa na da lasisi, yi ne ba shi da. Asibitocin fata na cire tatu da hasken leza, wanda ke farfasa tawadar ta zama ƙanana yadda jiki zai iya kwashe ta. Ba a gamawa a zama ɗaya. Yawanci ana buƙatar zama shida zuwa goma ko fiye, da tazarar mako shida zuwa takwas, wato aikin watanni da yawa, har shekara guda ko sama da haka. Baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da ruwan ɗorawa sun fi taurin kai.

Ga baƙar fata akwai haɗarin hasken ya ƙona launin fatar tare da tawadar, ya bar farin zobe a inda baƙi yake. Likitoci sun fi amfani da nau'in Nd:YAG mai tsawon zango 1064 ga irin fatarmu, kuma ya dace a tambaya kafin a biya. Kuɗin gogewa kan ninka na zanen sau da yawa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi tun watan Maris na 2021 riyal 1,000 ne a wata, ban da 500 na masauki da 300 na abinci ga wanda kamfani bai ba shi ba. Masu gwada gishiri ko ruwan batir ko ƙarfe mai zafi kan ƙare da tabon ƙuna, tawadar kuma na nan a ƙasa.

Munduwar da ke goguwa

Matan Hausawa sun daɗe da tasu hanyar zagaye wuyan hannu da launi. Kafin zuwan zanen fulawa da salatif, ƙunshi ake yi: a kwaɓa lalle a shafa, a zura hannu cikin zunguru a kwana da shi, da safe a ga ja ya tsaya daidai inda aka iyakance masa. Akwai kuma katambiri, ɗan itacen da ruwansa ke baƙi a fata ya goge bayan kwanaki.

Lalle na da gida a Qatar. Ana yi a shagunan gyaran jiki na mata da kasuwar Souq Waqif, musamman gab da salla da lokacin biki, kuma a watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adun lalle cikin jerin gadon al'adun duniya bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, har da Qatar. Sinadarinsa na kama fatar sama ne kawai, wadda ke saɓulewa, don haka yakan nuna sosai cikin kwana biyu ya dushe cikin mako ɗaya zuwa uku. A wuyan hannu ba ya kai jan tafi, saboda fatar wurin ba ta da kauri. Ba ya hana alwala da zarar an wanke kwaɓin.

Haɗarin na cikin baƙin lalle, wanda ake kira dayis. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Abin da ke sa shi baƙi cikin ƙasa da sa'a guda, a mafi yawan lokuta, sinadarin rinin gashi ne da ake kira PPD, wanda hukumomin lafiya a Amurka da Turai ba su amince a shafa shi a fata haka ba. Ga wanda jikinsa ya ƙi shi, bayan kwana huɗu zuwa mako biyu wurin kan kumbura ya yi bororo daidai siffar zanen, ya iya barin tabo mai fari ko baƙi na watanni. Ƙin kuma na zama har abada, ta yadda rinin gashi ko na gemu daga baya zai iya kumbura fuska. Jan lalle na asali ma ba a sa wa jarirai da ƙananan yara masu ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar gado da ke da yawa a Afirka ta Yamma da yankin Tekun Fasha, domin yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini.

Ga maza, malamai ba sa son adon lalle a hannu saboda kamanceceniya da mata, ko da yake a al'adar wasu garuruwa ana sa wa ango. Wanda zanen munduwa ya shiga ransa yana da gwajin da ba ya cin ko riyal ɗaya, kuma masu tatu da kansu kan ba da shawararsa: ya zana abin da alƙalamin da ke wankuwa, daidai wurin da daidai faɗin, ya riƙa sabunta shi har mako biyu. Cikin waɗannan kwanaki zai je aiki da shi, ya ga inda safa ke gogawa, ya miƙa wa shugaban aikinsa takarda, ya naɗe hannun riga a wurin alwala ranar Juma'a, ya kuma ɗaga wa mahaifiyarsa hannu a kiran bidiyo.